Keken motsa jiki na cikin ɗaki: me yake ƙara wa ɗan wasa?

Idan kana kallon ƙwallon Turai, wataƙila ka taɓa ganin ɗan wasa a gefen fili yana murza keken da ba ya zuwa ko'ina. Haka ’yan tseren Tour de France suke yi kafin tsere da bayansa. Ba ado ba ne. Wannan keken yana sa zuciya da huhu aiki sosai ba tare da gaɓoɓi sun sha duka ba.

A lokacin gudu, duk takun da ka yi, ƙafarka tana ɗaukar nauyin da ya kai ninki biyu zuwa uku na jikinka. A kan keke kuwa sirdi ne ke ɗauke yawancin nauyin. Shi ya sa likitocin fisiyo ke saka shi cikin atisayen wanda aka yi wa aikin jijiyar gwiwa, ko mai targaɗen idon sawu. Rauni yana warkewa, numfashi bai zube ba. Sai dai lokacin farawa likitanka ne zai yanke, ba kai ko kocinka ba.

Babban amfaninsa a ganina shi ne iko da atisayen. A kan titi, ramuka da ’yan adaidaita sahu ne ke tsara maka gudu. A ɗaki kuwa kai ne. Akwai wani tsari da masu bincike a Trondheim ta ƙasar Norway suka yi fice da shi: minti 4 kana murzawa da ƙarfi har bugun zuciya ya kai kashi 85 zuwa 95 cikin ɗari na iyakarsa, sai minti 3 a hankali, a maimaita sau 4. Irin wannan yana ƙara yawan jinin da zuciya ke turawa a kowane bugu, tsoka ta samu ƙarin iskar oksijin. Don kimanta iyakar bugun zuciyarka, cire shekarunka daga 220. Kimantawa ce kawai, mutane sun bambanta. Sau biyu a mako ya wadatar.

A nan Arewa akwai ƙarin dalili. Ƙurar hunturu tana tayar wa masu asma da ciwonsu, zafin bazara kuma a Sakkwato ko Maiduguri yakan wuce digiri 40.

Amma ɗaki ma yana da nasa haɗarin. Babu iskar da ke busar da gumi, sai jiki ya yi zafi da wuri, kana iya zubar da ruwa lita ɗaya ko fiye a awa guda. Ka kunna fanka ta fuskance ka, ka buɗe taga, ruwa yana kusa. Idan kana azumi, ka bar atisaye mai tsanani sai bayan shan ruwa.

Ka daidaita sirdi yadda gwiwa za ta ɗan lanƙwashe kaɗan idan feda ta kai ƙasa. Sirdin da ya yi ƙasa da yawa yana jawo ciwon gaban gwiwa. Ka kuma sani cewa keke ba ya gina ƙashi kamar gudu da tsalle, don haka kada ya maye gurbinsu gaba ɗaya, musamman ga matasa da mata ’yan wasa.

Iyaye da matan ’yan wasa, ga abin da za ku sa wa ido. Wanda ya daɗe bai yi atisaye ba, ya hau keken ya matsa wa kansa tun ranar farko, tsokar cinyarsa na iya lalacewa, abin da ta saki cikin jini ya cutar da ƙoda. Alamarsa ciwon cinya mai tsanani da kumburi, da fitsari mai launin baƙin shayi, yawanci kwana ɗaya zuwa uku bayan atisayen. A kai shi asibiti a ranar, kada a ba shi ibuprofen ko diclofenac, domin suna ƙara wa ƙoda wahala. Ciwon ƙirji, jiri ko suma a kan keke kuwa, a dakata nan take, kada a sake hawa sai likita ya duba zuciya.