Cinikin Indiya da tsibiran Sri Lanka da Maldives

Kudu da Indiya akwai ƙasashe biyu da teku ya kewaye, Sri Lanka da Maldives, kuma dukkansu sun dogara ƙwarai da kasuwar babbar maƙwabciyarsu.

Indiya da Sri Lanka sun ƙulla yarjejeniyar ciniki maras shinge a 1998, ta fara aiki a 2000. Indiya na sayar wa Sri Lanka man fetur, magunguna, yadi da motoci, tana kuma sayen barkono, tufafi da abincin dabbobi daga gare ta.

Maldives kuwa ba ta da ƙasar noma sosai. Bisa wata yarjejeniya da ƙasashen biyu suka ƙulla a 1981, Indiya kan keɓe mata shinkafa, fulawa, albasa, ƙwai, har da yashi da tsakuwar gini, ko da ta hana fitar da su zuwa wasu wurare.

Matsalar ita ce abin da tsibiran ke saya ya zarce abin da suke sayarwa nesa ba kusa ba. Lokacin da kuɗin ƙasashen waje suka ƙare wa Sri Lanka a 2022, sai da Indiya ta agaza mata da kusan dala biliyan 4. Muddin ba a cike wannan giɓi ba, tsibiran za su ci gaba da zama cikin dogaro.