Zazzaɓin Yara A Gaya: Idan Fararen Ƙwayoyin Jini Suka Yi Ƙasa

Gaya gari ne na bakin kogi, mai gada zuwa Malanville ta Benin, ga Kamba ta Jihar Kebbi nan kusa, ruwan sama kuwa kaf Nijar da wuya a samu inda ya fi shi. Sauro ya samu wurin zama. A nan ne ma aka ƙaddamar da allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro ta ƙasar a Satumbar 2024. Shi ya sa da jikin yaro ya yi zafi, "palu", wato zazzaɓin cizon sauro, ake fara cewa.

Sau da yawa hakan ne. Amma wani lokaci gwajin jini da ma'aikatan lafiya ke kira NFS yakan nuna fararen ƙwayoyin jini sun ragu, hankalin iyaye ya tashi.

Waɗannan ƙwayoyi a ɓargo ake yin su, su ne masu yaƙar cuta. Likita ya fi sa ido kan nau'in da ake kira nutrofil: ƙasa da 1,500 a ma'aunin gwaji raguwa ce, ƙasa da 500 ga zazzaɓi kuwa sai a kwantar da yaro a soma allurar kashe ƙwayoyin cuta ba jira. Galibi dai sanadin bai kai nan ba. Mura, ƙyanda da shi kansa zazzaɓin sauro sukan rage su na ɗan lokaci, yaro na warkewa su dawo. Taifot ma yakan yi haka, da tamowa, da magunguna irin su kuloramfenikol da ake saya a kasuwa barkatai. Sankarar jini ba ta cika faruwa ba, kuma takan zo da ɗashewar jiki, zubar jini ko ciwon ƙashi.

Akwai abin da ake yawan mantawa. Akasarin mutanen Afirka ta Yamma ba su da sinadarin Duffy a jajayen ƙwayoyin jininsu, kuma masu wannan gado nutrofil ɗinsu kan yi ƙasa da ma'aunin Turawa alhali lafiyarsu lau.

Saboda haka ƙwararren likita yakan duba yaron kafin takardar gwajin. Ya kasa kama nono? Yana amayar da komai? Ya yi jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa? Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a garzaya asibitin gundumar Gaya, haka ma jariri mai zazzaɓi da bai kai wata 2 ba. Wanda yake wasa yana cin abinci kuwa, akan yi maganin abin da aka gano, a sake gwajin bayan makonni kaɗan.