Allurar Sin mai lantarki da zaizayar ƙashin haƙori

Idan ciwon dasashi ya yi tsanani, yakan kai ga ƙashin da ke riƙe da haƙori. Ƙwayoyin cuta da ke taruwa a gindin haƙori suna tayar da kumburi, kumburin kuma ya zuga ƙwayoyin jiki masu narkar da ƙashi, har haƙori ya soma girgiɗi ya faɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum biliyan 1 ne ke fama da matsanancin nau'in cutar.

Wannan ya sa masana a Brazil suka gwada tsohuwar hanyar jinya ta ƙasar Sin a kan ɓeraye. Ana soka siraran allurai a wasu gurabe na jiki, sannan a tura musu lantarki mai rauni. Sun ga kumburi da zaizayar ƙashin sun ragu.

Hankalinsu ya karkata ga wasu makarɓai biyu a jikin ƙwayoyin halitta, CB1 da CB2. Su ne sinadarin tabar wiwi ke kamawa, amma jiki yana samar da nasa sinadarin da ke aiki a kansu. CB1 ya fi yawa a ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, CB2 kuwa a garkuwar jiki, har da ƙashi. Ana ganin allurar tana motsa su ne su lafar da kumburi.

Sai dai sakamakon na ɓeraye ne, kuma ba hujjar shan wiwi ba ne. Ga mutum, goge baki kullum da zuwa wurin likitan haƙori ya kankare dattin da ya daskare su ne kariya, musamman idan dasashi ya fara jini.