Kafin A Raba Yaro Aji A SS1, A Kai Shi Ya Ga Aikin Da Idonsa

Waɗanda data ba ta ishe su su saurari murya ba, ga rubutaccen shirin kamar yadda muka saba.

Yau maganarmu a kan 'ya'yanmu ne da ƙannenmu 'yan sakandare, da yadda ake zaɓen abin da za su zama nan gaba. Yawancinmu mun ɗauka ranar da yaro ya je cike fom ɗin JAMB ita ce ranar da yake zaɓen sana'arsa. To a gaskiya an riga an yi rabin zaɓen fiye da shekara biyu kafin nan, ranar da ya shiga SS1 aka ce wannan ajin kimiyya, wannan ajin adabi, wancan ajin kasuwanci. Yaro yana shekara 14 ko 15 a lokacin, kuma sau da yawa bai taɓa ganin aikin da ake ce masa zai yi ba. Abin da nake so mu tattauna ke nan, da kuma yadda za a gyara ba tare da an kashe wani kuɗin kirki ba.

Bari in fara da yadda ƙofar take aiki, don mu gane dalilin da ya sa na ce an gama rabin zaɓe.

Jarrabawar JAMB darasi huɗu ce, Turanci dole, sauran ukun kuma kwas ɗin da kake nema ne yake tsayar da su. Mai neman likitanci zai rubuta fiziks da kemistiri da bayoloji. Mai neman injiniya zai rubuta lissafi da fiziks da kemistiri. Mai neman aikin akanta sai da lissafi da darasin tattalin arziki. Mai son zama lauya kuma, yawancin jami'o'i sai sun ga adabin Turanci a takardunsa. Bayan wannan akwai kiredit biyar da ake nema a WAEC ko NECO, su ma a darussan da suka dace da kwas ɗin. To ka ga, yaron da bai taɓa zama ajin kemistiri ba, ko ya ci maki 300 cikin 400 a JAMB, ba zai shiga famasi ba. Haka yarinyar da take ajin kimiyya ba ta ɗauki adabin Turanci ba, ta zo SS3 ta ce lauya take son zama, sai ta tarar akwai gyara a gabanta.

Yanzu tambaya, yaya ake raba ajin? A makarantu da dama maki ake dubawa. Masu ƙoƙari a tura su kimiyya, sauran a watsa su adabi da kasuwanci, kamar dai ajin adabi wurin ajiye waɗanda suka gaza ne. Wani yaron abokinsa ya bi. Wani kuma tun yana goye ake ce masa dakta a gida, kunya ba za ta bar shi ya ce a'a ba. Mu nan Arewa akwai dalilin tarihi da ya sa kimiyya ta samu wannan daraja. Mun daɗe muna ƙarancin likitoci da injiniyoyi, shi ya sa jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977, kuma sun fitar da mutane masu yawa da ake alfahari da su. Wannan alheri ne. Amma illar da ta biyo baya ita ce, sai ya zama duk yaron da yake da ƙwaƙwalwa ana ganin asara ce ya karanta wani abu daban.

Sakamakon kuwa kowa ya san shi. Yaro ya rubuta JAMB sau biyu, sau uku, yana neman likitanci, gurbin kuma kaɗan ne. A ƙarshe a ba shi wani kwas da bai taɓa jin sunansa ba, ya karɓa don kada a ce yana zaune a gida. Shekara huɗu yana jan ƙafa, ya fito da takardar da shi kansa bai san inda zai kai ta ba. Kuɗin uba ya tafi, shekarun yaro sun tafi.

To mene ne maganin? Abin da ake kira shirin binciken sana'a. Ma'anarsa mai sauƙi ce: a ba ɗalibi dama ya ga aiki, ya tambayi mai yin sa, in da hali ya sa hannu, tun kafin ya zaɓa. A Jamus, 'yan sakandare da suke wajen aji takwas ko tara sukan bar makaranta na mako biyu zuwa uku su je kamfani ko asibiti ko garejin mota ko ofis, su dawo su rubuta rahoton abin da suka gani. Ba a sa ran yaron zai ƙware a mako biyu. Ana so ne kawai ya san ko zai iya rayuwa da wannan aikin. Mu a Najeriya muna da makamancinsa, wato SIWES, wanda hukumar ITF take kula da shi, inda ɗaliban jami'a da na foliteknik suke zuwa sanin makamar aiki. Sai dai wannan yana zuwa ne bayan mutum ya riga ya yi nisa a cikin kwas. In a nan ya gano ba ya son aikin, ai an makara.

Wasu makarantu suna yin ranar sana'o'i, a gayyato likita da lauya da soja su yi jawabi, yara su tafa, a watse. Ba laifi, ya fi babu. Amma likitan da ya zo da farar riga yana murmushi a kan mumbari daban yake da likitan da ya kwana a ɗakin haihuwa bai runtsa ba. Gani ya kori ji.

Kuma jama'a, wannan abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Iyayenmu da yaro ya tasa suke kai shi rumfar kasuwa ko maƙera ko wurin ɗinki, maigidan ya lura da shi na ɗan lokaci, ya dawo ya ce wa uban, yaronka yana da hannu, ko kuma ya ce a nema masa wani abin. Da boko ya zo sai muka raba biyun, muka bar zaɓen karatu a hannun maki kawai.

Ga yadda nake ganin kowane gida zai iya yi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne dogon hutun da yaro yake samu bayan ya gama jarrabawar JSS3, kafin ya shiga SS1. A zauna da shi a rubuta sana'o'i uku: ɗaya wadda shi yake so, ɗaya wadda iyaye suke so, ɗaya kuma ta hannu ko ta kasuwa. Sai a nemi mutum amintacce a kowacce, cikin dangi ko maƙwabta ko abokan masallaci, a roƙe shi yaron ya bi shi wurin aiki na kwana uku zuwa mako guda. Ya fita lokacin da mutumin yake fita, ya tashi lokacin da yake tashi. Wanda yake Kano, ga masu gyaran waya a Farm Centre, ga 'yan Kantin Kwari, ga masu takalma da jaka a Ƙofar Wambai. Wanda yake Kaduna, ga Panteka, inda za a ga yadda ake mayar da ƙarfe injin niƙa. Kotu kuwa ƙofarta a buɗe take, mai son lauya ya je ya zauna a baya ya ga yadda ake ɗage shari'a sau biyar kafin a kai ga hukunci.

Kada yaron ya tafi hannu rabbana. A ba shi littafi da biro, da tambayoyin da zai yi. Wane darasi ka karanta a sakandare? Shekara nawa ka yi kafin ka fara samun kuɗi? Mene ne ya fi ba ka wahala a aikin nan? Da za a mayar da kai baya, za ka sake zaɓensa? Waɗanda kuka gama tare, ina suke yanzu? Tambayar shekarun nan tana da muhimmanci ƙwarai, domin yara da yawa ba su san lissafin ba. Likitanci shekara 6 ne a jami'a, sai shekara guda ta horo a asibiti, sai bautar ƙasa. Lauya shekara 5, sai makarantar horon lauyoyi, irin reshenta da ke Bagauda. Injiniya shekara 5. A foliteknik kuma shekara 2 za ka yi ka samu ƙaramar difloma, ka fita sanin makamar aiki na shekara guda, ka dawo ka yi 2 na babbar difloma. NCE shekara 3 ce. Wannan fa in ba a yi yajin aiki ba. Gidan da ake jiran yaro ya fara taimakawa da wuri, dole a san wannan lissafin tun farko.

Wani amfanin zuwan shi ne yaro zai ga ayyukan da bai san da su ba. Ku ɗauki asibiti. Yaro likita da nas kawai ya sani. In ya yi kwana uku a ciki zai ga mai gwajin jini, da mai ɗaukar hoton ƙashi, da mai gashin ƙashi, da mai haɗa magunguna, da mai auna ido, da ungozoma, da mai kula da katin marasa lafiya. Kowanne kwas ne mai zaman kansa, kuma yawancinsu ajin kimiyyar nan dai suke buƙata. Wanda bai samu likitanci ba, da ya san da su, da bai ɓata shekara uku yana buga ƙofa ɗaya ba. Haka nan a Zariya kawai akwai kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da gyaransa, wadda take nan tun 1964, akwai kuma cibiyar nazarin fata da sarrafa ta a Samaru. Yara nawa ne a Zariyar kanta suka taɓa leƙa su? Sannan akwai kwalejojin fasaha da ake shiga bayan JSS3, inda ake koyon wayarin da walda da gini da kanikanci, a rubuta jarrabawar NABTEB, kuma da ita ana iya wucewa gaba da karatu. Mutane da yawa suna raina su, alhali yaron da ya fito daga can yana da abin yi a hannunsa tun yana shekara 18.

Game da 'ya'ya mata, na san abin da iyaye za su ce, kuma suna da gaskiya. Ba a tura yarinya wurin da ba a sani ba. A nema mata mace, nas ko malama ko mai shagon magani ko tela ko ma'aikaciyar banki, wadda aka san gidansu, a kai ta a ɗauko ta. Maza ma haka, amana ce. A nemi izinin shugaban wurin, musamman asibiti, saboda marasa lafiya suna da sirri. A kuma gaya wa maigidan cewa kallo da koyo aka kawo yaron, kada a mayar da shi ɗan aiken sayo abinci, kada kuma a sa shi a injin da zai ji masa rauni.

Wani zai ce, yaro ɗan shekara 14 me ya sani? Yau ya ce matuƙin jirgi, gobe ya ce ɗan ƙwallo. Haka ne, shi ya sa ban ce a sakar masa ragama ba. Uba da uwa suna da ta cewa, malamin da ya koyar da shi lissafi shekara uku shi ma yana da ta cewa. Abin da ziyarar take ƙarawa shi ne hujja. In yaro ya ga jini ya yanke jiki ya faɗi, an samu labari. In ya je gareji ya ƙi dawowa gida sai magariba, ya dawo yana ba da labarin giya da burki, nan ma an samu labari. Kuma ko bai gano abin da yake so ba, in ya gano abin da ba ya so, riba ce babba.

Waɗanda kuma suka riga suka shiga aji suke jin ba nan ne wurinsu ba, ƙannena, kada ku yi shiru. A zangon farko na SS1 sauya aji abu ne mai sauƙi, ku sami malamin da ke ba da shawara ko mataimakin shugaban makaranta, ku zo da iyayenku. In an yi nisa, ana iya cike darasin da ya rage ta jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu, kodayake tsallakawa daga adabi zuwa kimiyya ya fi wuya saboda darussan ɗakin gwaji. Sannan kowa ya buɗe kundin kwasa-kwasan JAMB, yana nan a shafinsu na intanet, ya duba sharuɗɗan kwas ɗin da yake so da jami'ar da yake so tun yana SS1, ya kuma sake dubawa a shekarar da zai rubuta, don akan sauya su. Matambayi ba ya ɓata.

Kira na ƙarshe ga shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai da na tsofaffin ɗalibai. Ba sai kun jira kasafin kuɗi ba. Takarda ɗaya ta isa: a rubuta sunan kowane uba ko uwa ko tsohon ɗalibi da aikin da yake yi, a tambaye shi ko zai karɓi yara biyu na kwana uku a lokacin hutu. In an dawo makaranta kowane yaro ya tashi a gaban aji ya faɗi abin da ya gani. Aji mai yara 60, an ji labarin sana'o'i da dama ke nan daga bakin sa'o'insu, kafin a raba su.

A nan za mu dakata. Duk mai yaro ko ƙani a JSS3, hutun nan mai zuwa nasa ne, a fara neman wanda zai bi tun yanzu. Allah Ya yi wa zuriyarmu albarka, Ya ba su sana'a ta halal mai amfani. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.