YADDA BALAN-BALAN MAI ƊAUKAR MUTANE KE TASHI SAMA

Jama'a da yawa sun ga hoton wani ƙaton balan-balan yana shawagi a sararin samaniya, ga kwando a rataye ƙarƙashinsa, mutane na tsaye a ciki. Ba shi da fukafukai, ba shi da farfela, ba shi kuwa da inji irin na jirgin sama. To, me ke ɗaga shi? Iska mai zafi ce kurum.

Kowa ya san idan aka danna gora cikin kogi aka sake ta, sai ta taso, domin ruwan da ta ture ya fi ta nauyi. Arkimidis, masanin nan na Girka, ya bayyana wannan ƙa'ida fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Iska ma haka take, gama ita ma tana da nauyi. A kwatanta akwati mai tsawon mita 1, faɗin mita 1, zurfin mita 1, watau kubik mita ɗaya. Idan zafin gari yana digiri 20 a ma'aunin Salsiyas, iskar da ke cikin akwatin nan takan kai kilo 1.2. In aka ɗumama ta zuwa digiri 100, sai ta buɗe, wani sashe ya fice, abin da ya rage bai kai kilo 1 ba, wajen giram 950 ne. Wannan ɗan bambanci na rubu'in kilo shi ne duk ƙarfin da ke ɗaga balan-balan. Ashe kuwa dole ya yi girma! Sai an tara kubik mita 4 kafin a ɗaga kilo 1, saboda haka mai cin kubik mita 2,800 yakan ɗauki kimanin kilo 700, a haɗe da ƙyallensa da kwando da tukwanen gas da mutanen ciki.

Abin lura a nan shi ne, ba zafin ciki kaɗai ke aiki ba, tazarar da ke tsakaninsa da na waje ita ce magana. A ranar da zafi ya kai digiri 40, irin na bazara, wannan balan-balan ɗin da ƙyar zai ɗaga kilo 500. Ba kuwa dama a yi ta ƙara wuta, domin ƙyallen nailan yakan lalace in zafi ya zarce digiri 120. Shi ya sa matuƙa ke tashi da sassafe, lokacin da gari ke da sanyi, iska kuma a kwance.

'Yan'uwa biyu masu sana'ar takarda a Faransa, Joseph da Etienne Montgolfier, su ne suka fara nuna abin a bainar jama'a, a garin Annonay, ran 4 ga Yuni, 1783. Su a zatonsu hayaƙi ne ke ɗaga shi, har suka riƙa ƙona ciyawa da gashin tumaki don ya turnuƙe. A watan Satumba na shekarar suka tura tunkiya da agwagwa da zakara sama a gaban Sarki Louis na 16, dabbobin kuwa suka sauko da rai. Sa'an nan ran 21 ga Nuwamba, Pilatre de Rozier da Marquis d'Arlandes suka ratsa sararin birnin Paris na minti 25. Irin na zamani mai murhun gas kuwa, Ed Yost ne ya tashi da shi a Amurka cikin 1960.

Idan matuƙi yana son hawa, sai ya buɗe wuta. In sauka yake so, ya bar iskar ta huce, ko ya ja igiya ya buɗe wata kafa da ke can ƙololuwa, zafi ya fita. Amma ba shi da sitiyari. Duk inda iska ta nufa, can ya nufa. Dabararsa ɗaya ce: iska ta kan sha bamban daga wannan tsayi zuwa wancan, sai ya yi ta hawa da sauka har ya dace da wadda ta yi wajen da yake so. Domin haka ne mota ke bin sa ta ƙasa.

Kada a ɗauka abin wasa ne don an ga yana tafiya sannu. Cikin 2013 wuta ta kama wani a Luksor ta ƙasar Masar, mutum 19 suka rasu. Cikin 2016 wani ya taɓa wayar lantarki a jihar Texas ta Amurka, mutum 16 suka halaka. Saboda haka duk wanda tafiya ta kai shi inda ake hawansa, kamar Kenya ko Turkiyya, lalle ne ya tabbatar matuƙin yana da lasin. In an ɗage tashi saboda iska, kada ya matsa. Lokacin sauka kuma ya riƙe igiyoyin cikin kwando, ya ɗan tanƙwara gwiwa, kada ya fita sai matuƙi ya ba da izini, gama da zarar nauyi ya ragu farat ɗaya, balan-balan na iya sake tashi da sauran mutanen.