A Tallafa wa Manomi, Ba Ganyen Taba Ba

Taba tsohuwar shuka ce a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa ake nomanta don taba gari da fure, daga baya kuma ta zama kayan kamfani, musamman bayan da kamfanin sigari na NTC ya buɗe masana'antarsa a Zariya a 1959. Fadamun Rima, waɗanda suka ratsa Goronyo da Wurno, na daga cikin irin ƙasar da taba ke so. Saboda haka manomin wannan yanki yana da hujja idan ya tambaya: tunda gwamnati na tallafa wa shinkafa da alkama, me ya hana ta tallafa wa taba?

Abin da ya hana shi ne lissafin ba ya fita. Duk nairar da hukuma ta zuba don ganyen ya yi araha, kamfanin sigari ne ke cin moriyarta, sannan hukumar ta sake biya a asibiti kan masu ciwon huhu da na zuciya. Shi kansa manomin bai tsira ba, domin ɗanyen ganye idan ya jiƙe da raɓa, sinadarin nikotin na ratsa fatar mai tsinkarsa, ya jawo jiri da amai, kuma sau da yawa mata da yara ne ke wannan aikin. Ga shi Najeriya ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taƙaita taba a 2005, ta kafa dokarta a 2015. Sashe na 17 na yarjejeniyar ya ɗora wa gwamnatoci nauyin nema wa manoman taba wata hanyar abinci.

Za a ce ai Amurka ma ta tallafa wa nata manoman. Haka ne, tun daga 1938 ta riƙa ƙayyade yawan abin da za a noma tare da tsare farashi. Amma a 2004 ta rushe tsarin, aka biya manoma da masu kason noman taba kimanin dala biliyan 10 cikin shekara goma a matsayin sallama, kuma daga aljihun kamfanonin sigari aka karɓo kuɗin, ba daga baitulmali ba.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na kasuwa. Taba tana da mai saye tun kafin a shuka, kamfani na ba da iri da taki bashi, ganyen kuma idan ya bushe yana jure ajiya. Albasa da tafarnuwa ba su da wannan gatan: lokacin girbi farashi ya faɗi warwas, wanda ya ajiye a rudu kuma ruɓa ta ci rabonsa. Sai dai mai saye ɗaya tilo shi ke tantance darajar ganye, shi ke yanka farashi, shi ke cire bashinsa kafin manomi ya ga ko sisi. Abin da ya ja manomi ga taba tabbacin ciniki ne, kuma hukuma na iya samar da shi ga wasu amfanin gona.

Ruwa dai akwai. Madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984, tana iya riƙe sama da mita kubik miliyan 900. Kuɗin tallafi ya fi dacewa da yashe magudanan ruwa na Wurno da Goronyo, da gina rumbunan albasa masu shan iska, da gyaran hanyoyin da ke kai kaya Sakkwato da Illela, da bashin da zai iso hannun manomi kafin ruwa ya janye daga fadama, ba bayan an gama dashe ba.