Bushin Farfela: Abin Da Ke Cinye Shi Da Yadda Ake Canja Shi

Jirgin ruwan da injinsa ke ciki, ba irin kwale-kwalen da ake rataya wa Yamaha a baya ba, yana da doguwar sandar ƙarfe da ta taso daga giyabos, ta huda gindin jirgin, ta fita cikin ruwa ta ɗauki farfela. Dab da farfelar akwai wani ɗan bututun tagulla, cikinsa baƙar roba ce mai tsage-tsage a miƙe. Mu makanikai bushin muke ce masa. A cikinsa sandar take juyawa, kuma ba ya shan giris ko baƙin mai. Ruwan kogin ne ke bi ta tsagogin yana sanyaya shi, yana wanke yashi.

Kafin roba, da itace ake yin sa. A shekarar 1854 wani injiniya a Ingila, John Penn, ya fara jera itacen lignum vitae a wannan gurbi, wani itace mai maiƙo daga tsibiran Karebiyan wanda don nauyi nutsewa yake a ruwa.

Mai jirgi yakan zo mini da ƙorafi ɗaya: “Oga, ƙasan jirgin nan yana rawa, in na ƙara wuta sai ka ji gur-gur.” Ba na yanke hukunci sai an ja jirgin tudu. Sai in kama farfela da hannu biyu in ɗaga sama in sauke. Idan ta yi ƙwas-ƙwas, ko wasan ya kai milimita 1.5, bushin ya gama aiki. A tsofaffin jiragen da ke yawo wajen Lokoja, inda Binuwai ke haɗuwa da Neja, da wuya ya yi tsawon rai irin na ruwa mai tsabta, domin da damina ruwan rabinsa laka ne. Ga kuma zaren koma da ke nannaɗe sandar ya toshe tsagogin. Da zarar ruwa ya daina shiga, robar ƙonewa take yi.

Shi kansa bushin ba shi da tsada. Wahalar tana wajen isa gare shi. Za a zare fil, a kwance noti, a ciro farfela da abin ja. Ina hana yarana dukanta da guduma, don duk bugun da aka yi a baya giyabos ne ke karɓarsa a gaba. Sannan a shiga ciki a raba sandar da giyabos, a zaro ta. A tsohon jirgi tsatsa ta riga ta haɗe su, nan kaɗai sai ya ci maka yini. Wani jirgin ma sai an sauke allon sitiyari kafin sandar ta sami hanya.

Akwai ƙananan kusoshi biyu ko uku a gefen gidan bushin, fenti ya binne su. Wanda bai kankare ya nemo su ba, zai yi ta fama har ya fasa gidan. In an kwance su kuma bushin ya ƙi fita, sai a zura ruwan zarto ta ciki a tsaga tagullar a tsaye, sannu-sannu, ana dubawa kada a taɓa gidan, a lanƙwasa ta ciki a zare.

Wajen sayen sabo ne ake yawan asara. Awo uku ake ɗauka: kaurin sanda, faɗin gidan, da tsawo, wanda galibi ya ninka kaurin sandar sau huɗu. Sandar inci ɗaya milimita 25.4 ce, ba 25 ba. Ido ba ya rabe su, amma in aka musanya, ko ya matse ya yi zafi, ko ya yi sako-sako tun ranar farko. Sabon kuwa a firiza nake barinsa ya kwana don tagullar ta ɗan tsuke, in shafa masa ruwan sabulu, in ja shi ciki da dogon bolti da wosha da noti.

Inda nake saɓawa da masu jirage shi ne bayan nan. Suna son a mayar da farfela a tura jirgi ruwa, ni kuma sai na duba tsohon da aka cire. Idan ya cinye daidai ko’ina, tsufa ne. Idan gefe guda ya ci, kamar dunduniyar takalmin mai karkatacciyar tafiya, to inji ya goce daga saiti, ko sandar ta lanƙwashe, ko farfela ta bugi dutse. A duba sandar ma, wani lokaci yashi ya riga ya rage mata kauri a daidai wurin. Sa mata sabon bushin a haka zubar da kuɗi ne, kafin damina ta zagayo za a sake jan jirgin tudu.

Saitin inji kuwa ba a tudu ake kammala shi ba, musamman a jirgin katako, don jikinsa yana sauya zama in ya sha ruwa. A bar shi kwana ɗaya ko biyu yana iyo, sannan a sassauta mahaɗar sanda da giyabos, a auna tsakaninsu ta fuska huɗu, a yi ta ɗaga ƙafafun inji ana saukewa har bambancin ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na milimita.